Jari, shawara da bishara: 'Yan kasuwar da ke ƙetare teku don duba kamfanonin mishan

A farkon shekarun 1950, saniyar da ake kiwo a yankin Chaco na ƙasar Paraguay da ke Kudancin Amurka da ƙyar take bayar da madarar da ta kai lita ɗaya a rana.

Masu shanun baƙi ne a ƙasar. Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Mennonite, wadda aka sani da ƙin ɗaukar makami. Da yawansu sun tsero ne daga Tarayyar Sobiyet, wasu a 1930, wasu kuma a 1947 bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Gwamnatin Paraguay ta amince su zauna a wani daji mai zafi da ƙaya da ƙarancin ruwa, nesa da kasuwa.

Sun iya noma, sun iya sana'a. Abin da ba su da shi shi ne jari, kuma babu bankin da zai ranta wa ɗan gudun hijirar da ba shi da abin jingina.

Kayan agaji na zuwa musu daga 'yan uwansu na Amurka da Kanada, amma agaji ci ake yi ya ƙare. Sai wani mai kamfanin takalma a jihar Pennsylvania, Orie Miller, wanda kuma shi ne jagoran hukumar agaji ta ɗariƙar, ya ja hankalin wasu attajirai su je su gane wa idonsu.

Da suka koma gida, a ƙarshen 1953 suka haɗu a birnin Chicago suka kafa ƙungiyar da ake kira MEDA. Matsayar da suka cimma ita ce za su zuba kuɗinsu a matsayin abokan kasuwanci, a ci riba tare, a yi asara tare.

Aikinsu na farko gonar madara ce mai suna Sarona. Aka sassabe daji, aka shuka ciyawa, aka kawo bijimai masu kyan iri aka haɗa su da shanun gida. Madarar da ake tatsa ta ninka sau da yawa. Daga nan aka buɗe majema, sannan masana'antar takalma da ke amfani da fatar da majemar ta jeme.

Fiye da shekara 70 bayan haka, irin wannan tafiya ta zama ruwan dare. Akantoci da injiniyoyi da manoma da tsofaffin shugabannin kamfanoni daga Amurka da Turai da Koriya ta Kudu da Ostareliya na amfani da hutunsu, galibi da kuɗin aljihunsu, su je Asiya ko Afirka ko Kudancin Amurka don bai wa kamfanonin da aka kafa da manufar addinin Kirista shawara.

Tambayar da ta daɗe tana damun masu harkar ita ce ko shawarar baƙon da zai yi mako ɗaya ko biyu ya tafi na iya raya kamfani, da kuma wanda zai ɗauki asarar idan shawarar ta zama kuskure.

Mene ne kamfanin mishan?

Haɗa fatauci da yaɗa addini ba baƙon abu ba ne ga mai karatu a wannan yanki. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa, waɗanda aka sani da fatauci da malanta, sun iso da Musulunci a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14.

Su ma Kiristoci suna da nasu tushen. Suna kafa hujja da Manzo Bulus, wanda littafin Ayyukan Manzanni ya nuna yana sana'ar ɗinkin tanti a birnin Koranti yana ciyar da kansa yayin da yake wa'azi.

A zamanin nan, harkar ta samu suna da tsari ne a 2004, a wani taron ƙungiyar Lausanne, mai haɗa masu aikin bishara na duniya, wanda aka yi a Pattaya ta ƙasar Tailan. Wani kwamiti a taron ya fitar da takarda kan abin da suke kira Business as Mission, ko BAM a taƙaice, wato kasuwanci a matsayin aikin mishan. Ɗaya daga cikin jagororin kwamitin shi ne Mats Tunehag, ɗan ƙasar Suwidin.

Bisa tsarin, ana auna kamfani da ma'auni huɗu: ribar kuɗi, amfanin da jama'a ke samu, kula da muhalli, da kuma tasirin addini. Sharaɗin farko shi ne kamfanin ya zama na gaskiya, mai kaya ko aikin da mutane za su saya, mai biyan albashi da haraji.

Kamfanonin iri-iri ne. Akwai masu gasa kofi, da makarantun koyon Turanci, da gonakin kaji, da masu rubuta manhajar kwamfuta, da masu ɗinki.

Wani misali da aka fi ambata shi ne Freeset, wanda wasu ma'aurata 'yan ƙasar New Zealand suka kafa a 2001 a birnin Kolkata na Indiya, kusa da unguwar Sonagachi da ta yi ƙaurin suna wajen karuwanci. Kamfanin ya ɗauki matan da ke son barin wannan rayuwa, ya koya musu ɗinkin jakunkunan rama da ake sayarwa a ƙasashen waje.

Matsalar irin waɗannan kamfanoni ita ce da yawa daga masu kafa su ba 'yan kasuwa ba ne. Fastoci ne ko malaman makaranta ko ma'aikatan jinya. Suna da niyya, sun iya harshen mutanen wurin, amma ba su taɓa tsara farashi ko rufe lissafin shekara ba. Wannan giɓi ne ya haifar da masu zuwa bayar da shawara.

Ƙungiyar Partners Worldwide da ke birnin Grand Rapids a jihar Michigan, wadda ta samo asali a shekarun 1990 daga hulɗar wasu 'yan kasuwar Amurka da takwarorinsu na Kenya, ta gina aikinta ne kan wannan: a haɗa ɗan kasuwa da ɗan kasuwa, a ba da horo, a samar da hanyar samun jari.

Darasin Basel

Tun kafin jirgin sama, an gwada wannan hanya, kuma an ga daɗinta da ɗacinta.

Ƙungiyar mishan ta Basel, wadda aka kafa a ƙasar Suwizalan a 1815, ta shiga ƙasar da ake kira Ghana a yau a 1828, ta kuma shiga kudancin Indiya a 1834.

A Indiya ta tarar da matsala. Duk wanda ya karɓi Kiristanci, danginsa na iya korarsa, ya rasa gona da sana'ar gado. Dole mishan ta nema masa abin yi.

Cikin abubuwan da aka fara gwadawa har da ƙera agogo. An turo masu sana'ar daga Turai zuwa birnin Mangalore, amma kasuwar ba ta karɓa ba, aka rufe. Sana'a ce da ta yi suna a ƙasar masu shawarar, ba wadda mutanen wurin ke buƙata ba.

A 1851, shugaban ƙungiyar Joseph Josenhans ya taso takanas daga Basel ya yi watanni yana zagaya tashoshin mishan a Indiya. Bayan wannan rangadi ne aka danƙa harkar masana'antu a hannun wani kwamiti da ya ƙunshi gogaggun 'yan kasuwar birnin Basel. Saƙa ta kankama. A 1865 aka buɗe masana'antar jan tayil na rufin gida, wanda har yau ake kiransa tayil ɗin Mangalore a Indiya.

A 1859 aka kafa kamfanin ciniki na mishan ɗin, mai hannun jari, wanda wani kaso na ribarsa ke tafiya ga aikin bishara. A gaɓar Ghana an san kantunansa da ƙin sayar da giya da bindiga, a lokacin da su ne kayan da suka fi kawo wa Turawa riba.

A wajen koyon sana'a na mishan ɗin ne Tetteh Quarshie ya koyi ƙira, mutumin da ake dangantawa da kawo irin koko daga tsibirin Fernando Po a 1879. Zuwa 1911, ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko.

Sai dai nasarar ta zo da rikici. Wasu a cikin ƙungiyar sun ga cewa masana'antun na tara mutanen da suka shiga addini don neman aiki, kuma mai wa'azi ya koma ubangida mai ɗauka da kora. Otto Schott, wanda ya gaji Josenhans, ya ajiye muƙaminsa a 1884 saboda adawarsa da yadda ciniki ya cuɗanya da aikin mishan.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta ƙwace kadarorin kamfanin a yankunan da take mulki saboda alaƙarsa da Jamusawa. An raba kamfanin da mishan, kuma daga cikinsa ne UTC ya fito a 1921. Dattawan da suka yi sayayya a kantunan UTC a Legas ko Kano ko Kaduna, jikan kantin mishan suka shiga, ko da yake a lokacin ya riga ya zama kamfanin kasuwanci zalla.

Abubuwa biyun da suka raba kan mutanen Basel, wato shawarar da ba ta dace da wuri ba da kuma haɗa albashi da addini, su ne har yau ake muhawara a kansu.

Abin da mai shawara ke fara dubawa

Gogaggen mai shawara yakan fara ne da littafin lissafi, domin a nan ne ciwon irin waɗannan kamfanoni ya fi ɓuya.

Na farko shi ne albashin manaja. Sau da yawa baƙon da ke tafiyar da kamfanin coci-cocin ƙasarsu ne ke biyan kuɗin gidansa da makarantar 'ya'yansa da tikitin jirginsa. Ba a rubuta wannan a lissafin kamfani. A takarda sai a ga riba. Idan aka saka albashin da za a biya manaja ɗan ƙasa mai irin wannan aiki, ribar na iya komawa faɗuwa. Ranar da baƙon ya koma gida, kamfanin ba shi da abin da zai ɗauki magajinsa.

Na biyu shi ne cinikin tausayi. Jaka ko sarƙa ko sabulun da ake sayarwa a harabar coci a Amurka, mai saye na biya ne don labarin matar da ta yi shi. Zai saya sau ɗaya ko biyu. Kantin da zai yi odar dubu goma kuwa inganci zai duba, da farashi, da ranar isowar kaya.

Na uku shi ne wuyar kora. Kamfanin da aka kafa don taimakon marasa galihu yakan ɗauki ma'aikata fiye da buƙata, kuma mai shi yakan ji nauyin sallamar wanda ba ya aiki. Idan kuɗin albashi ya fi ƙarfin ciniki, a ƙarshe kowa ne zai rasa aikin.

Na huɗu shi ne illa ga maƙwabta. Shagon da ke samun tallafi daga waje zai iya karya farashi, ya durƙusar da ɗan garin da ke irin wannan sana'a da guminsa.

Wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Biola da ke jihar California, Steve Rundle, ya yi nazari kan mutum 119 masu irin waɗannan kamfanoni, ya wallafa sakamakon a 2014. Ya kwatanta waɗanda ke rayuwa da gudummawar coci da waɗanda kamfaninsu ne ke biyansu. Ya gano cewa rukuni na biyu sun fi tasiri sosai ta fuskar tattalin arziki, kuma ba a bar su a baya ba ta fuskar addini.

Wannan ya yi daidai da abin da 'yan kasuwa suka sani tun fil azal: wanda tuwon gidansa ya dogara da shago ya fi sanin lokacin buɗe shi.

Shin shawarar na aiki?

Masana tattalin arziki sun gwada tasirin bai wa 'yan kasuwa shawara a ƙasashe masu tasowa. Gwaje-gwajen ba kan kamfanonin mishan aka yi su ba, amma sakamakonsu ya shafi duk mai ɗaukar jaka ya tafi wata ƙasa koyar da kasuwanci.

A birnin Accra, masana uku, Dean Karlan da Ryan Knight da Christopher Udry, sun bi teloli 160. Wasu aka haɗa su da ƙwararru daga wani babban kamfanin akantoci na duniya, wasu aka ba su jarin sidi 200, wasu aka haɗa musu duka biyun. Telolin sun ɗauki shawarar, sun fara rubuta shige da ficen kuɗi. Amma ribarsu ba ta ƙaru ba, har ma ta ɗan ragu da farko, kuma daga baya suka koma yadda suka saba.

A unguwar Dandora da ke birnin Nairobi, wasu masana daga Jami'ar Notre Dame sun gwada wata hanya da mata masu ƙananan sana'o'i. Wasu aka kai su aji aka koya musu darasin kasuwanci. Wasu kuma aka haɗa kowacce da wata 'yar unguwar da ta daɗe a irin sana'arta kuma ta yi nasara.

'Yan aji ba su ga canji a riba ba. Waɗanda aka haɗa da uwar ɗaki ribarsu ta ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100. Babban dalilin shi ne uwar ɗakin ta san inda ake sarin kaya da araha. Da hulɗar ta yanke, ƙarin ribar ya dusashe. Hausawa dai sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Sai dai ba a ce ƙwararre daga waje ba shi da amfani ba. A wasu masaƙu da ke kusa da birnin Mumbai na Indiya, wani nazari da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya nuna aikin masana'antun ya ƙaru da kashi 17 cikin 100 a shekarar farko.

Amma a can masu shawarar wata biyar suka yi suna shiga masana'antar, suna tsayawa kan gyaran injuna da tsara rumbun zare da ƙirga yadin da ya lalace. Kuma masana'antun manya ne, masu ɗaruruwan ma'aikata. Da aka koma bayan kusan shekara tara, an tarar an watsar da kusan rabin sababbin tsare-tsaren, musamman a inda aka canja manaja.

Idan aka haɗa sakamakon uku, hoton ya fito. Shawara na amfani idan ta daɗe, idan ta shafi takamaiman matsala, kuma idan mai bayar da ita ya san kasuwar wurin ko ya yi haƙurin koyonta. Mai sayar da tumatir ba ya buƙatar tsohon shugaban banki daga Texas. Masana'antar da ke son fitar da kaya zuwa Turai kuwa na iya buƙatar wanda ya san ƙa'idojin kwastam da na inganci a can.

Lokacin da baƙo ya saurara

Wasu daga cikin ƙungiyoyin da suka yi nisa a harkar sun fara ne daga ranar da ɗan gari ya faɗa wa baƙo gaskiya.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, wata coci a yankin Lancaster na jihar Pennsylvania ta riƙa aika kwantenonin abinci da tufafi da magani zuwa birnin Zaporizhzhia na ƙasar Yukren. Cikin masu kai kayan har da wani mai kamfanin gina gidaje, Jeff Rutt.

Bayan wasu shekaru, wani fasto a can ya ja su gefe ya nuna musu cewa kayan na sa mutane zaman jira, kuma suna kashe kasuwar masu sayar da irinsu a gari. Rutt ya koma ya sake tunani. A 1997 ya kafa HOPE International, wadda ta fara da bayar da ƙananan basussuka 12. A yau tana aiki a ƙasashe da dama ta hanyar rance da ƙungiyoyin adashe.

Ita ma MEDA ta sha nata darasin. Bayan nasarar Paraguay, buƙatu suka yi ta zuwa daga 'yan mishan a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Tsarin shi ne kowane mamba a ba shi wasu ayyuka ya riƙa kai musu ziyara. Zuwa shekarun 1970 ayyukan sun kai ɗaruruwa a ƙasashe da dama.

Abin ya fi ƙarfin masu sa-kai da ke zuwa jefi-jefi. Bashin da ya biyo ta hannun ɗan mishan kuma, sau da yawa mai karɓa na ɗaukarsa kyautar coci ce, shi kuma ɗan mishan ba ya son ya zama mai bin bashi a cikin mabiyansa.

Daga shekarun 1980 ƙungiyar ta sauya salo. Ta koma ɗaukar ƙwararrun ma'aikata da ke zaune a ƙasashen, ta rage yawan ayyuka, ta ƙara musu girma. A Tanzaniya ta gudanar da shirin takardar rangwamen sayen gidan sauro ga mata masu juna biyu daga 2004, inda ake karɓar gidan sauron a shagunan 'yan kasuwa maimakon raba shi kyauta.

A Najeriya, ta gudanar da wani shiri a Jihar Bauchi daga 2017 da tallafin gwamnatin Kanada, don mata da matasa masu sarrafa shinkafa da gyaɗa da waken suya. MEDA, wadda hedikwatarta ke birnin Waterloo na Kanada, na bayyana kanta a matsayin ƙungiyar raya tattalin arziki da imanin waɗanda suka kafa ta ya zaburar, kuma tana aiki da mutane ba tare da duba addininsu ba.

Inda ake zargi

Ba duk masu harkar ne ke tsayawa a nan ba. Ga wasu, kamfani hanya ce ta samun biza zuwa ƙasar da ba ta bai wa 'yan mishan izinin shiga.

Su kansu jagororin BAM na sukar abin da suke kira kamfanin bogi: ofis da allon suna da katin kasuwanci, amma babu ciniki. Maƙwabta na ganin mutum yana hawa mota mai tsada alhali ba a taɓa ganin mai saye a shagonsa ba. Za su ɗauka ko ɗan leƙen asiri ne, ko mai safarar wani abu.

Sakamakon na iya yin muni. Kenneth Bae, Ba'amurke ɗan asalin Koriya, yana da kamfanin kai masu yawon buɗe ido Koriya ta Arewa daga China, kuma ɗan mishan ne. An kama shi a Nuwamban 2012, aka yanke masa ɗaurin shekara 15 da aiki mai tsanani bisa zargin yunƙurin kifar da gwamnati. Sai a Nuwamban 2014 aka sake shi.

A 2010, Maroko ta kori gomman Kiristoci baƙi bisa zargin yaɗa addini, ciki har da ma'aikatan wani gidan marayu a garin Ain Leuh. Dokar ƙasar ta haramta yunƙurin raba Musulmi da addininsa. Nepal da jihohi da dama a Indiya su ma suna da dokokin da suka taƙaita sauya wa mutane addini.

Baƙo dai yana da fasfo da ofishin jakadanci. Idan abu ya ɓaci, jirgi zai hau. Ma'aikatan gida ne ke rasa aiki, su ne kuma ke fuskantar tambayoyin jami'an tsaro da kallon maƙwabta.

Akwai kuma batun ma'aikaci Musulmi ko Hindu ko mabiyin Buddha da ke aiki a irin wannan kamfani. Idan ana addu'ar safe a wurin aiki, yana da ikon ƙin zuwa ba tare da tsoron rasa ƙarin girma ba? Irin wannan cuɗanyar ciniki da addini ce ta sa Otto Schott ajiye aiki a 1884.

A Yunin 2011, manyan hukumomin Kirista uku, wato Majalisar Coci-coci ta Duniya da ofishin Fadar Vatican mai kula da hulɗa da sauran addinai da kuma Ƙawancen Masu Bishara na Duniya, sun fitar da wata takardar haɗin gwiwa a birnin Geneva kan ladubban wa'azi a tsakanin mabiya addinai daban-daban. Takardar ta yi tir da yaudara da tilastawa, ta kuma ce bai halatta a yi amfani da talaucin mutum ko kwaɗaitar da shi da abin duniya don jawo shi ga addini ba.

Ga mai shawara, wannan na nufin aikinsa bai tsaya kan lissafin kuɗi ba. Sai ya tambaya ko hukumomin ƙasar da ma'aikata sun san ainihin manufar kamfanin, ko ɗaukar aiki da ƙarin albashi na da alaƙa da addini, da kuma abin da aka tanadar wa ma'aikata idan an rufe.

Komawa Chaco

A yau, yankin da saniya ke bayar da lita ɗaya ya zama cibiyar madara da nama ta Paraguay. Ƙungiyoyin gama-kai na Mennonite a garuruwan Filadelfia da Loma Plata na samar da babban kaso na madarar da ake sha a ƙasar. Hanyar motar da ta haɗa yankin da babban birni Asuncion, wadda aka kammala a farkon shekarun 1960, ta taimaka ƙwarai, domin madara ba ta jiran mai tafiyar kwanaki.

Arzikin bai game kowa daidai ba. Ƙabilun asali na yankin, irin su Enlhet da Ayoreo, da yawansu sun koma 'yan ƙwadago a ƙasar kakanninsu, kuma Chaco na cikin wuraren da aka fi saurin sare daji a duniya saboda kiwon shanu. Ma'auni huɗun da aka zayyana a Pattaya ba su cika cika a lokaci guda ba.

Duk da haka, akwai abubuwan da suka bambanta Sarona da ziyarar mako biyu. Attajiran da suka je sun saka kuɗinsu, don haka kuskuren shawararsu su ma zai taɓa su. Sun riƙa komawa shekara da shekaru. Masu gonar su ne ke tafiyar da ita, kuma kowa ya san ko su wane ne baƙin da abin da ya kawo su.

Kimanin shekara 20 bayan fara aikin, manoman suka sayi hannun jarin MEDA gaba ɗaya, gonar ta zama tasu. Kuɗin da aka mayar aka juya su zuwa wasu ayyukan.

Sunan gonar bai ɓace ba. Wani kamfanin zuba jari a Kanada da ya fito daga cikin MEDA, wanda ke saka kuɗi a matsakaitan kamfanoni a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, har yau Sarona ake kiransa.